Na Ukunsu

Uku ta haifa, daren Talata,
ruwa na dukan kwanon ɗaki kamar mai bin bashi.
Biyu suka miƙe tun jikinsu bai bushe ba,
ido a buɗe, gashi luf, har haƙori sun zo da abinsu,
haka ɓeran Masar yake, ba ya jiran a koya masa duniya.
Na ukun yana nan rub da ciki,
ƙafafun baya a baje, ɗaya gabas ɗaya yamma,
kamar almakashin da aka manta a buɗe.

Ni mai gyaran takalma ne.
Shekara ashirin da shida a bakin Taminus
ina karanta tafiyar mutane a dunduniyar takalmansu:
wannan yana jan hagu, wannan yana ɗauke da damuwa.
Ban taɓa riƙe ƙafar da ba ta kai tsinken ashana ba.

Nono biyu gare ta, uwar.
Baki uku.
Lissafin bai fita ba, kuma masu ƙafa ne ke riga isa.
Sai na riƙa kwashe 'yan'uwan in sa a hulata,
in tallafe shi da yatsa biyu a ƙarƙashin uwar,
ina jin zuciyarsa na bugun fatata
kamar ƙaramin agogon da ke sauri.

Maman Nanret ta leƙo ta kan katanga.
Ta ce, Malam Salmanu, ɓera ne fa,
ko ya girma bai cika cokalin miya ba.
Na ce na sani.
Da yamma sai ga ta da tsohuwar safar jikanta,
wai sanyin Jos ba ya tambayar girman mutum.

Wani yaro mai karatun dabbobi a Vom
ya duba, ya juya shi, ya ce ƙashi lafiya,
a haɗa ƙafafun, kar a matse,
a raba shi da santsi.
Na yanko filasta siririya,
na auna tazarar da idon da nake auna ɗinki,
na shimfiɗa tawul a kwalin taliya.
Hannuna da ke huda fata da basilla
ranar ya yi rawa.

Kowace asuba, kafin kiran farko,
in kwance, in murza cinyar a hankali,
lanƙwasa, miƙe, lanƙwasa, miƙe,
sau goma, in sake ɗaurewa.
Hindatu kan dawo daga Farin Gada
da ganyen karas da tattasai kore a bakin zane,
wanda 'yan kasuwa suka zubar.
Ta ce ko ranar da na yi zazzaɓi ba ka tashi haka ba.
Tana faɗa tana yayyanka masa ƙanana.

Ba mu sa masa suna ba.
Tsoro nake ji.
Abin da ka kira da suna, shi kake haƙa wa rami.

Kwana na tara na cire filastar.
Ta dama ta tsaya a ƙarƙashinsa.
Ta hagu ta koma inda ta saba.
Ya ja jiki, ya faɗi, ya yi ɗan kukan nan nasu
mai kama da ƙyauren da ke son mai,
ya sake ja,
a karkace, kamar kwale-kwale mai filafili ɗaya,
har ya isa ga ganyen,
ya fizge shi daga bakin ɗan'uwansa.

Ban ce ya warke ba.
Yau ma na ɗaure ta hagun kafin in fita.
A wurin aiki wani ya miƙo mini takalmi,
gefe ɗaya ya cinye har ƙasa.
Na daɗe ina kallonsa
kafin in faɗi kuɗi.